Yadda Cajin Lantarki Ke Haifar da Haske: Jagorar Gwaji Mataki-Mataki

Duk hasken da ido ya taɓa gani, na rana ne ko na ashana ko na fuskar wayar salula, asalinsa ɗaya ne: wani cajin lantarki aka girgiza. Haka kuma idan haske ya sauka a kan abu, babu abin da yake iya kamawa a jikin abin nan sai cajin da ke cikinsa. Wanda ya riƙe maganganun nan biyu da kyau zai iya warware dalilin da ya sa madubi ke mayar da hoto, sama take shuɗiya, farantin sola kuma yake ba da wuta. Abin da ke wahalar da masu koyo shi ne, galibi ana karantar da lantarki a babi guda, maganaɗisu a wani babin, haske kuma can daban, sai mutum ya gama karatu bai san cewa labari ɗaya aka yanka masa gida uku ba. A nan za mu bi labarin a jere, kowane mataki da gwajin da za ka yi da hannunka.

Ka tanadi matajin roba, 'yar takarda, batir mai volt 1.5 da mai volt 9, guntun wayar jan ƙarfe, kamfas, ƙaramar rediyo mai kama matsakaicin zango, ƙananan ƙwayayen lantarki na LED ja da kore da shuɗi, rizisto (ɗan abin da ke rage wutar da ke wucewa) mai om 470, mitar gwajin wuta, tsohon faifan CD, rimot ɗin talabijin, da kofin gilashi. Gargaɗi kafin a fara: babu gwaji ko ɗaya a nan da ya shafi wutar soket, kuma kada ka yi amfani da batirin mota ko batirin waya. Waɗannan idan aka haɗa bakinsu biyu kai tsaye suna iya narkar da waya ko su kama da wuta.

Mataki na 1: Ka ga caji yana zaune

Ka yayyaga takarda ƙanana-ƙanana, ka goga mataji a busasshen gashi ko a rigar ulu, sannan ka kusantar da shi. Takardun za su yi tsalle su manne. Idan iska na da laima gwajin zai yi rauni, don danshi yana kwashe cajin kafin ya taru.

Abin da ya faru shi ne gogayyar ta ɗebo elektiron daga gashi ta tara su a kan mataji. Elektiron shi ne ɗan ƙanƙanin abu mai cajin negetif da ke cikin kowace ƙwayar zarra, wanda J. J. Thomson ya gano a Ingila a 1897. A tsakiyar ƙwayar kuma akwai firoton mai cajin fozitif. Masu caji iri ɗaya suna ture juna, masu caji daban suna jan juna. Takardar ba ta da rarar caji, amma da matajin ya matso sai ya ɗan tura elektiron ɗinta baya, gefen da ke kusa da shi ya zama fozitif, sai ja ya shiga tsakani. Charles Coulomb ya auna wannan ƙarfin a Faransa a 1785, ya tarar idan aka ninka tazara sau biyu, ƙarfin yana raguwa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu.

Ka lura matajin bai taɓa takardar ba tukuna ta motsa. Wannan tasirin da caji ke shimfiɗawa kewaye da kansa shi ake kira filin lantarki. Kada ka ɗauke shi a matsayin dabarar lissafi kawai, don nan gaba za ka ga shi kansa filin ne yake zama haske. A yanzu dai ka shiga ɗaki mai duhu da matajin: ba ya haskawa ko kaɗan. Caji a zaune yana da fili, amma ba ya aika komai ko'ina.

Mataki na 2: Ka sa shi tafiya

Ka ajiye kamfas a kan tebur, allurarsa ta natsu tana nuna arewa. Ka shimfiɗa waya a samansa, tana bin tsawon allurar. Ka taɓa bakin wayar biyu a jikin batir mai volt 1.5 na sakan ɗaya ko biyu kacal, don wayar da batirin suna ɗaukar zafi da sauri. Allurar za ta karkace. Ka juya batirin, za ta karkace ɗaya gefen.

Wannan shi ne abin da Hans Christian Ørsted ya gani a ƙasar Danmak a 1820: caji mai tafiya yana haifar da filin maganaɗisu. A 1831 Michael Faraday ya gano ɗaya ɓangaren, wato maganaɗisun da ke sauyawa yana haifar da lantarki, kuma a kan wannan ne kowane janareta yake aiki.

Mutane da yawa suna zaton elektiron na gudu cikin waya kamar walƙiya. Ba haka ba ne. A wayar jan ƙarfe ta yau da kullum, matsawar da suke yi gaba ba ta kai milimita ɗaya a sakan ba. Yawansu ne ke yin aikin, don amfiya ɗaya, wato ma'aunin yawan wutar da ke gudana, na nufin elektiron sama da biliyan-biliyan 6 suna wucewa a kowane sakan. Abin da ke isa ƙwan lantarki nan take idan an danna makunni shi ne filin, ba su ba.

Har yanzu dai babu haske. Wutar da ke tafiya sumul, gudu ɗaya, hanya ɗaya, tana da filin lantarki da na maganaɗisu, amma filayen suna manne da ita.

Mataki na 3: Ka girgiza shi

Nan ne zuciyar maganar, don haka a bi a hankali.

Ka kunna rediyo a matsakaicin zango, ka kai ta inda babu tasha, sai shuu kawai. Ka riƙe bakin waya ɗaya a jikin batir mai volt 1.5, ka riƙa karta ɗaya bakin a ɗaya gefen batirin, yana taɓawa yana saki, kusa da rediyon. Za ka ji ƙaras-ƙaras a lasifika. Ka matsa baya kaɗan-kaɗan ka ga inda sautin zai ɓace. Idan ka danne wayar ba motsi, sautin zai tsaya duk da cewa wuta na gudana. Yana dawowa ne kawai a lokacin haɗawa da rabawa. Babu waya tsakaninka da rediyon, amma saƙo ya isa. Abin da ya isa ɗin haske ne, sai dai irin wanda ido ba ya gani.

Me ya sa sai a lokacin haɗawa da rabawa? Saboda a lokacin ne gudun elektiron ke sauyawa: daga tsaye zuwa tafiya, daga tafiya zuwa tsaye. Kuma labarin wannan sauyi ba ya isa ko'ina nan take. Ka ɗauka ka ɗaure doguwar igiya a jikin bishiya ka riƙe ɗaya bakin. Idan ka fizgi hannunka sama, ƙarshen igiyar bai san komai ba tukuna, sai wani lanƙwaso ya tashi daga hannunka ya bi igiyar har ya kai can. Haka filin lantarki yake. Idan aka fizgi caji, filin da ke kusa da shi ya riga ya koma sabon wuri, na nesa yana nan a tsohon wuri, tsakaninsu kuwa akwai lanƙwaso da ke gudu waje. A cikin lanƙwason nan filin lantarki na sauyawa, sauyinsa na haifar da na maganaɗisu, shi ma sauyinsa na haifar da na lantarki, suna ta riƙe juna suna tafiya ko da cajin da ya haife su ya daɗe da tsayawa.

James Clerk Maxwell, mutumin Sikotlan, shi ne ya fitar da wannan a lissafi a farkon shekarun 1860. Ya ɗauki alƙaluman da aka auna a gwaje-gwajen lantarki da maganaɗisu, waɗanda ba su da alaƙa da haske a zahiri, ya lissafa gudun wannan igiya, sai ta ba shi kusan kilomita 310,000 a sakan. Gudun haske da aka riga aka auna a lokacin ya yi kusa da haka ƙwarai, shi ya sa ya yanke cewa haske shi ne wannan igiyar. Adadin da ake aiki da shi yau shi ne mita 299,792,458 a sakan. Maxwell ya rasu a 1879 bai ga tabbacin ba. Sai a 1887 Heinrich Hertz, a birnin Karlsruhe na Jamus, ya tayar da tartsatsi a gefe ɗaya na ɗaki ya ga wani ƙaramin tartsatsi ya tashi a zoben waya a ɗaya gefen. Gwajin da ka yi da rediyo ƙaninsa ne.

Abubuwa uku za ka riƙe game da wannan girgiza. Na farko, sauyin gudu ba ƙara sauri kaɗai ba ne. Rage sauri ma sauyi ne, canza hanya ma sauyi ne, don haka cajin da ke zagaye yana fitar da haske ko da saurinsa bai canza ba. Na biyu, Joseph Larmor ya nuna a 1897 cewa idan aka ninka ƙarfin fizgar sau biyu, makamashin da ke fita yana ninkuwa sau huɗu. Na uku, wanda aka fi mantawa da shi kuma za mu buƙace shi anjima: caji ba ya aika haske ta hanyar da yake kaɗawa. Idan yana sama da ƙasa, hasken yana fita ta gefe-gefe ne, ba ya fita ta sama ko ƙasa. Shi ya sa ake kafa eriyar tashar rediyo a tsaye, don ta watsa wa mutanen da ke kewaye da ita.

Mataki na 4: Ka koyi lissafin zango

Idan caji ya riƙa kai da komowa a jere, sai lanƙwason ya zama igiya mai tsari. Yawan kaɗawar a sakan ɗaya shi ake aunawa da haz, tazarar da ke tsakanin tudu da tudu kuma ita ce tsawon zango. Lissafin ɗaya ne tak: ka raba gudun haske da yawan kaɗawa.

Tashar FM da ke kan megahaz 100 tana kaɗa elektiron sau miliyan 100 a sakan. Ka raba mita miliyan 300 da miliyan 100, ka sami mita 3. Rubu'in wannan santimita 75 ne, kuma idan ka zaro eriyar rediyonka ka auna za ka ga ba ta yi nisa da haka ba. Wi-Fi mai gigahaz 2.4, wato kaɗawa sau biliyan 2.4 a sakan, zangonsa santimita 12.5 ne. Koren haske kuwa, mai zangon nanomita 550, kaɗawarsa ta kai kusan sau tiriliyan 545 a sakan. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Ido yana gani ne daga wajen nanomita 400, wato shunayya, zuwa wajen 700, wato ja. Ƙasa da ja a kaɗawa akwai infirared, sama da shunayya akwai hasken UV, sai eksire. Duk jinsi ɗaya ne, saurin girgizar ne ya bambanta su.

Babu eriyar da ɗan Adam zai ƙera da waya ya kaɗa ta sau tiriliyan ɗari biyar. Don samun hasken da ido ke gani, sai an koma ga cajin da ke cikin ƙwayar zarra.

Mataki na 5: Hanyoyi uku na samun hasken gani

Hanya ta farko zafi ce. Zafi ba komai ba ne illa motsin ƙwayoyin abu, kuma tunda cike suke da caji, kowane abu mai ɗumi yana fitar da haske. Jikinka yana fitar da infirared mai zangon kusan nanomita 10,000. Ƙarfe idan ya kai wajen digiri 525 a ma'aunin Selsiyas yakan fara ja a cikin duhu. Siririn zaren da ke cikin tsohon ƙwan lantarki na tangistan ne, ƙarfen da ba ya narkewa sai a digiri 3,422, kuma ana kai shi wajen digiri 2,500. Elektiron na turmutsawa cikin zaren suna karo da ƙwayoyinsa, zaren ya yi zafi, ya haskaka. Hanya ce mai ɓarna, don abin da ke fita a matsayin hasken gani bai fi kashi 5 cikin 100 na wutar da aka sha ba, sauran duk zafi ne. Fuskar rana kuwa tana wajen digiri 5,500, shi ya sa kaso mai yawa na haskenta ya faɗo daidai inda ido ke gani.

Hanya ta biyu ta fi ban sha'awa, kuma a nan ne bayanin Maxwell ya gaza shi kaɗai. Idan elektiron yana zagaya tsakiyar zarra, to a bisa abin da muka faɗa a mataki na 3 dole ya riƙa fitar da haske, ya ƙarar da makamashinsa, ya faɗa ciki cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin biliyan na sakan. Ke nan da babu wani abu da zai tsaya a duniya. A 1913 Niels Bohr ya kawo mafita: elektiron a cikin zarra yana da keɓaɓɓun matakan makamashi, idan yana kan ɗaya ba ya fitar da komai, sai lokacin da ya sauko daga na sama zuwa na ƙasa. Rarar makamashin tana fita a dunƙule guda, wanda ake kira foton. Tunanin cewa makamashin haske a dunƙule-dunƙule yake ya faro ne daga Max Planck a 1900 da Albert Einstein a 1905.

Ga lissafi mai sauƙi da zai yi maka amfani sosai: ka raba 1240 da makamashin foton a ma'aunin elektiron-volt, wato makamashin da elektiron ɗaya ke samu idan volt ɗaya ya tura shi, za ka sami zangonsa a nanomita. Elektiron ɗin haidirojin idan ya sauko daga mataki na uku zuwa na biyu yana sakin elektiron-volt 1.89. Ka raba 1240 da 1.89, ka sami 656, jan haske ke nan. Kowane sinadari da nasa matakan, don haka da nasa launukan. Ka barbaɗa ɗan gishiri a harshen wutar gas, za ka ga ruwan ɗorawa mai kauri. Hasken sodiyam ɗin da ke cikin gishirin ne, a nanomita 589. Doguwar fitilar nan mai farin bututu tana da tururin zaiba a ciki, wanda ke fitar da UV a nanomita 254, farin garin da aka shafe cikin gilashin da shi ne yake shanye UV ɗin ya mayar da shi hasken gani.

Don ka ga bambancin da idonka, ka ɗauki faifan CD da dare, ka tsaya nesa da fitila, ka karkata shi har bakan gizo ya bayyana. Na ƙwai mai zare zai fito a haɗe, launi na narkewa cikin launi. Na fitila mai zaiba zai fito a yanke, hoton fitilar sau da yawa, kowanne da launinsa. Kada ka gwada wannan da rana.

Hanya ta uku ita ce ta LED, kuma gwajinta ya fi kowanne gamsarwa a ganina, don za ka auna launi da mita. Ka haɗa batir mai volt 9 da rizisto mai om 470 da jan LED a jere, doguwar ƙafar LED tana ɓangaren fozitif. Kada ka tsallake rizisto, in ba haka ba ƙwan zai ƙone nan take. Idan ya kama, ka ɗora bakin mita biyu a ƙafafunsa. Za ka ga wajen volt 1.8 zuwa 2. Ka cire shi ka sa shuɗi, za ka ga kusan volt 3. Yanzu ka raba 1240 da 630, zangon jan LED, ka sami 1.97. Ka raba da 460 na shuɗi, ka sami 2.7. Alƙaluman ba za su zo daidai cif ba, amma kusancin ba dace ba ne. Kowane elektiron da ya ratsa mahaɗar ɓangarori biyu na sinadarin da ke cikin ƙwan yana faɗawa daga babban mataki zuwa ƙarami, zurfin faɗuwar kuma shi ne launin. Nick Holonyak ya ƙera jan LED a Amurka a 1962, amma shuɗi ya gagara kusan shekara 30, don samun sinadari mai zurfin faɗuwa haka da wuya. Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, 'yan Japan, su suka cimma shi, aka ba su kyautar Nobel a 2014. Farin LED ɗin da ya cika duniya yau galibi shuɗi ne aka rufe shi da wani sinadari mai mayar da wani kaso na shuɗin zuwa ruwan ɗorawa.

Mataki na 6: Ka juya labarin, haske ya sauka kan caji

Haske filin lantarki ne mai kaɗawa, don haka duk cajin da ya tarar sai ya kaɗa shi. Cajin da aka kaɗa kuwa, mun riga mun sani, yana fitar da nasa hasken. Abin da ke bambanta ƙarfe da gilashi da iska shi ne yadda elektiron ɗinsu suke a ɗaure ko a sake.

A ƙarfe elektiron a sake suke. Haske na sauka, suna bin kaɗawarsa, igiyar da suka fitar tana soke ta asali a cikin ƙarfen, ta koma baya a waje. Madubi ke nan. Ka naɗe rediyo tana magana cikin takardar alminiyam ruf, ba tare da kafa ba, za ka ji tashar ta dushe ko ta ɗauke. Ragar da ke ƙofar na'urar ɗumama abinci ta maikirowef ma haka take aiki: ramukanta ba su wuce milimita ɗaya ko biyu ba, igiyar cikin na'urar kuwa zangonta kusan santimita 12 ne, don haka a wurinta ragar bango ce, alhali hasken gani yana wucewa ka leƙa ciki.

A gilashi elektiron a ɗaure suke, kuma foton ɗin hasken gani ba shi da makamashin da zai ɗaga su zuwa mataki na gaba, shi ya sa ba a shanye shi. Duk da haka suna ɗan rawa, suna fitar da igiya mai ɗan jinkiri, ita kuma tana haɗuwa da ta asali, sai jimillar ta riƙa tafiya a hankali: kusan kilomita 200,000 a sakan a gilashi, 225,000 a ruwa. Wannan ragin gudun ne ke lanƙwasa haske a bakin ruwa, har cokali a kofi ya zama kamar ya karye. Akwai bayanin da ke yawo cewa ƙwayoyin gilashi suna haɗiye foton ne su riƙe shi na ɗan lokaci sannan su tofar. Ka yi watsi da shi. Da haka ne, da hasken ya fito ta kowace fuska a warwatse, kuma da babu wanda zai ga komai ta taga.

A iska ƙwayoyin a warwatse suke, kowace tana watsa ɗan haske gefe. Lord Rayleigh ya nuna a 1871 cewa gajeren zango ya fi watsuwa nesa ba kusa ba: shuɗi mai nanomita 450 yana watsuwa kusan ninki shida na ja mai 700. Ka cika kofin gilashi da ruwa, ka ɗan motsa sabulu a ciki har ya yi hazo kaɗan, ka haska tocila ta gefe a ɗaki mai duhu. Daga gefe ruwan zai yi shuɗi-shuɗi, idan ka dubi tocilar ta cikin ruwan kuma za ka ga ta koma ruwan lemo. Sararin sama da faɗuwar rana ke nan a kofi ɗaya. Idan hazon ya yi yawa komai zai koma fari, sai ka ƙara ruwa.

Idan kana da tabarau mai tace ƙyalli, irin na direbobi da masunta, ka juya wa rana kafaɗa, ka dubi sama, ka riƙa juya tabaran a hannunka. Saman zai yi duhu ya yi haske. Dalili shi ne abu na ukun nan na mataki na 3. Hasken rana yana kaɗa elektiron ɗin iska ta fuskoki biyu, amma daga inda kake tsaye ɗaya fuskar tana nuno ka kai tsaye, kuma caji ba ya aika haske ta hanyar da yake kaɗawa. Saura fuska ɗaya ke iso ka, ita ce tabaran ke tarewa ko ya bari.

Mataki na 7: Ka mayar da haske wuta

Wani lokaci foton ba kaɗa elektiron kawai yake yi ba, ɗaga shi yake yi ɗungurungum. Hertz ya lura a 1887 cewa tartsatsinsa ya fi saurin tashi idan hasken UV ya sauka a kan ƙarfen. Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne, jan haske komai ƙarfinsa ba ya fitar da elektiron ko ɗaya daga ƙarfe irin zinki, UV kuwa ko mai rauni ne yana fitarwa nan take. Einstein ya warware shi a 1905: foton ɗaya ne ke fuskantar elektiron ɗaya. Zinki na buƙatar wajen elektiron-volt 4.3, jan foton kuwa bai kai 2 ba, kuma taron jajaye ba sa haɗa kuɗi su biya. Kan wannan aikin aka ambata a kyautar Nobel ɗinsa ta 1921.

Ka cire batir, ka haɗa koren LED kai tsaye da mita a ma'aunin volt, ka kai shi rana. Za ka ga ya ba da wuta, sau da yawa sama da volt ɗaya. Ka rufe shi da hannu, ta faɗi. Ka koma ɗaki mai duhu, ka kunna shuɗin LED ka manna bakinsa da na koren, mita za ta motsa. Ka yi haka da ja, da ƙyar za ka ga wani abu. Ka maimaita hujjar Einstein ke nan a kan tebur.

Farantin sola wannan aikin yake yi da silikon, wanda tazarar matakansa elektiron-volt 1.1 ce kacal, don haka yana karɓar duk foton da zangonsa bai wuce wajen nanomita 1,100 ba. Na farko mai amfani an ƙera shi a ɗakin binciken Bell Labs da ke Amurka a 1954, yana mayar da kusan kashi 6 cikin 100 na hasken zuwa wuta. Idon kyamarar waya ma silikon ne. Ka nuna mata bakin rimot ka danna, za ka ga yana ƙyafta wani haske fari-shunayya da idonka bai gani ba, don infirared ne mai nanomita 940. Wasu wayoyin suna da matacin da ke tare shi a kyamarar baya, sai ka gwada ta gaba. Shi kansa idon mutum a kan wannan tsari yake: foton yana sauka kan wata ƙwayar sinadari a tantanin bayan ido, ya ɗaga elektiron, ƙwayar ta canza siffa, saƙo ya bi jijiya.

Shi foton ba shi da caji. Shi ya sa idan ka gicciya hasken tocila biyu suke ratsa juna ba tare da ɗaya ya ture ɗaya ba.

Mataki na 8: Ka gwada kanka da abin da ba mu taɓa ba

Duk hasken da ka ci karo da shi, ka yi masa tambaya uku: wane caji ne, me ya girgiza shi, da wane sauri ko daga wane matakin makamashi? Walƙiya: caji ya taru a gajimare har filin ya fi ƙarfin iska, elektiron suka ɓalle suka bi hanya, suka ɗumama ta zuwa wajen digiri 30,000, ƙwayoyin naitirojin da oksijin suka haskaka. Busasshiyar iska tana karyewa ne a wajen volt 3,000 a kowane milimita, don haka ɗan tartsatsin da ke cizon yatsa a jikin ƙofar ƙarfe ma dubban volt ne. Na'urar eksire, hasken da Wilhelm Röntgen ya gano a Jamus a 1895: ana harba elektiron da dubun-dubatar volt su daki ƙarfe, tsayawar bagatatan ita ce girgizar. A 1947, a wani ɗakin bincike na General Electric a Amurka, an ga haske da ido yana fita daga elektiron da maganaɗisu ke tilasta wa zagaye, kuma yau ana gina manyan injuna musamman don samar da shi.

Mai ɗan wuyar shi ne shuɗin hasken da ke fita a tafkin ruwan da ake sanyaya injin nukiliya, wanda Pavel Cherenkov ya yi nazarinsa a Tarayyar Sobiyet a 1934. A nan elektiron ɗin miƙe yake tafiya, ga alama ya karya dokar mataki na 2. Amma ka sake yin tambayar farko: wane caji ne? Ba shi ba ne, na ruwan ne. Yana wucewa yana fizgar elektiron ɗin ƙwayoyin ruwa ɗaya bayan ɗaya. Idan a hankali yake tafiya, ƙananan igiyoyin da suka fitar suna soke juna. Idan kuwa gudunsa ya wuce kilomita 225,000 a sakan, wato ya fi gudun haske a cikin ruwa, igiyoyin ba sa samun damar shan gabansa, sai su taru a bayansa su ƙarfafa juna, kuma gajeren zango ya fi yawa a cikinsu, shi ya sa tafkin yake shuɗi.